Bajimin da Muka Shigar ta Ƙofar Gilashi

Mijin 'yar autata bai taɓa ce mini a'a ba, bai kuma taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ko a bakin titi muka haɗu sai ya tsuguna, ko da kuwa kwat ce a jikinsa. Na daɗe ina alfahari da wannan a kara, kasuwar shanunmu, ina cewa boko bai cinye masa kunya ba. A shekarar da nake magana yana riƙon ƙwaryar kujerar manajan babban zauren taro da aka gina a gefen gari. An faɗa masa cewa idan manyan tarukan farko suka wuce lafiya za a tabbatar masa da kujerar. 'Yata har ta fara zaɓen labulen da za ta sa a gidan da suka kama a unguwar Gidan Dahala. Cikin tarukan farkon nan akwai namu, na mahauta da dillalan shanu.

Tun ana ginin nake ganin manyan motoci suna kwaso siminti daga kamfanin Kalambaina dare da rana, har muka riƙa cewa ko wani garin za a sake kafawa. Da aka gama, surukin nawa ya aiko mota ta ɗauke ni daga Ƙofar Dundaye don in sa albarka. Na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙofar gaba gilashi ce, kana dosarta sai ta dare biyu da kanta. Na yi mata sallama kafin na gane babu kowa a bayanta. Daga nan sai wani fili mai faɗi, ƙasansa farin dutse gogagge da suke kira mabul, wanda wani inji ke bi yana gogewa kowace safiya har mutum ya ga hularsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Gefe guda ga matakala mai tafiya da kanta, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Babban zauren kuwa ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, na yi ta ɗaga kai ina neman abin da ya riƙe rufin. Akwai ƙananan ɗakunan taro a sama masu bangon da ake naɗewa kamar tabarma. Akwai wurin alwala mai famfon da ba ya ba da ruwa sai ka miƙa masa hannu kamar mai roƙo, kana janyewa ya ɗauke. Sanyin wurin ya sa na nemi mayafi a watan da ƙadangare ma ke gudun rana. Ma'aikata na ta kai-komo da oba-oba a hannu, mutum na ganin ɗan'uwansa ga shi nan kusa amma sai ya kira shi ta na'ura.

A ƙarshe ya zagaya da ni baya, ya nuna mini wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe inda manyan motoci ke sauke kaya. Ƙasanta siminti ne mai kaushi, da gangara har zuwa bayan dandamalin da manya ke zama. Ban ko tsaya kallonta ba. Wa zai bar gilashi ya kalli ƙofar kaya?

Shekarar da ta gabata Kanawa ne suka karɓi baƙuncin taronmu na ƙasa. A fili suka yi shi, ƙarƙashin rumfuna, suka jawo wani sa suka ba babban baƙo a gaban jama'a, aka yi ta tafi. Tun daga nan duk Bakanon da ya zo sayen shanu sai ya tambaye mu ko mun ga san, kamar ba daga hannunmu suke saye ba. Da juyi ya zo kanmu, kuma shugaban ƙungiya na ƙasa, wanda shi ma Bakano ne, zai zama babban baƙo, sai dattawanmu suka zauna a ƙofar gidan Sarkin Fawa. Aka ce zaure dai mun fi su, saura kyauta. A wurinmu kyautar da ba a gani ba kamar ba a yi ta ba ce. Ba a cewa mutum an ajiye maka sa a gida. Jawo shi ake yi, a zagaya da shi, dattawa su shafa tozonsa, a danƙa wa mai shi igiya a hannu kowa na kallo.

Ina da wani sa bokolo fari da na daɗe ina turkewa, yana cin dusa da kowar wake da harawa kamar ɗan gata. Idan ya tafi tozonsa rawa yake yi. Na ce na ba da shi. Wani ya tambaya ko masu zauren za su yarda a shiga da dabba.

Na ce, "Manajan wurin wane na? Ɗana na. Ku bar min wagga magana."

Sarkin Fawa ya ce, "To ai shi ke nan. Mai ɗa a bakin murhu ba ya cin tuwo gaya."

Na aika aka kira shi. Ya zo bayan la'asar, ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure. Na faɗa masa abin da muka yanke. Ya dubi tabarma, sannan ya ce, "To, Baba." Can kuma ya ƙara da ƙaramar murya, "Baba, akwai ƙofar nan ta baya da na nuna maka. Ƙasanta siminti na."

Yanzu na san wannan ita ce a'a mafi ƙarfi da bakinsa zai iya furtawa a gabana. A ranar kuwa cin fuska na ji. Na ce masa kyautar babban baƙo ba kayan sata ba ce da za a bi da ita ta bayan gida. Inda baƙo ya shiga nan kyautarsa za ta bi. Ya sake cewa, "To, Baba," ya yi sallama ya tafi.

Washegari sai ga 'yata da kwanon dambu, ba ranar zuwanta ba. Auta ce, ita kaɗai ke faɗa mini magana kai tsaye a gidan nan.

"Baba, ya ce in tuna maka ƙasan wurin nan na da santsi."

"Shi da bakinsa?"

"Ka san ba ya iyawa. Jiya ko abinci bai ci ba."

Na ce, "Ki ce masa shi ya san takarda, ni na san kofato. Tun ba a haifi uwarsa ba nike jan sa."

Ta ce, "Kan mabul?"

Na ce ta ajiye dambun ta gaishe da mutanen gida.

Ranar taro jama'a ta cika maƙil. Daga Kano, daga Gusau, daga Birnin Kebbi, har da mutanenmu da ke kudu, kowa ya sha babbar riga. Abin da ba mu yi lissafi da shi ba shi ne wata 'yar ƙofa da masu tsaro suka kafa kafin ta gilashin, wadda ke kuka idan ka bi ta da ƙarfe a jiki. Mahauci kuwa ko ɗaurin aure zai je da wuƙarsa yake zuwa, ba don faɗa ba, don dai jikinsa ba ya jin daidai in babu ita. Mutum na farko ya bi, ta yi kuka. Na biyu ya bi, ta yi kuka. Ta yi ta kuka kamar an yi mata rasuwa. Shugaban masu tsaro ya ce doka ce, ba mai shiga da makami. Dattawa suka ce wuƙar mahauci ba makami ba ce, alƙalaminsa ce. Ya ce to a ajiye alƙaluman a kwali. Haka aka tara su, manya da ƙanana, aka kai wani ɗaki aka kulle, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ni ma na ba da tawa, ina waiwayenta.

Babban baƙo ya iso da jerin motoci. Shi ba a bi da shi ta ƙofar kuka ba. Masu tsaron da kansu suka janye igiya suka sara masa ya wuce ta gefe. Ya tsaya a filin mabul ana gaisawa, sai na ga dama ta samu: maimakon a jira sai an zauna, bari ya fara cin karo da kyautarsa tun a nan. Na yi wa masu riƙe da san alama.

Na hango surukina tsaye kusa da matakala, oba-oba a hannu. Shugaban masu tsaro ya dube shi yana jiran umarni. Shi kuma ya dube ni, ko in ce ya dubi takalmina, sannan ya gyaɗa kai. Aka janye igiya karo na biyu.

Bajimin ya taho da kwalliyarsa, an wanke shi an rataya masa jan ƙyalle a wuya. Da ya doshi gilashin ta dare masa biyu, kamar yadda take yi wa kowa, don ita ba ta san bambancin alhaji da sa ba. Jama'a suka ɗauki kabbara da tafi. Ya sa ƙafar gaba a kan mabul, ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ga wani farin sa a ƙarƙashinsa yana kallonsa. Ya yi huci. Duk wanda ya san shanu ya san a nan ya kamata a tsaya, kuma duk wanda ke wurin ya san shanu. Amma Kanawa na kallo. Na ce a ja. Aka ja ta gaba, aka murɗa wutsiya ta baya. Ya yi taku kaɗan kamar mai tafiya kan ƙwai, sai sanyin wurin da tafin suka firgita shi ya zabura. Ƙafafun baya suka tale, ɗaya gabas ɗaya yamma, muka ji ƙas daga ƙugunsa, ya zube da dukkan nauyinsa, ƙirji ya bugi dutse.

Ƙofar gilashi kuwa ta yi ta rufewa tana buɗewa saboda wutsiyarsa na bakinta.

Aka yi ƙoƙarin ɗaga shi, ina. Numfashinsa ya fara sarƙewa, ido ya juye. A sana'armu idan dabba ta kai nan magana ɗaya ce ta rage, kuma baki ɗaya muka faɗe ta.

"Wuƙa! Kada shi yi mushe!"

Hannuwa suka tafi ƙugu a tare, suka dawo wayam. Mahautan ƙasa guda a tsaye, ga sa yana shure-shure, babu mai ko askar yanke farce. Aka nemi shugaban masu tsaro, aka ce ya zagaya baya wajen janareta sasanta rigimar direbobi. Aka kira shi ta oba-oba, ta yi ta shuu tana cewa a maimaita. Wani ya ruga ɗakin girkin zauren ya dawo da mai dafa abinci da doguwar farar hula, riƙe da wuƙar yanka burodi mai haƙora.

Sarkin Fawa ya dube ta ya ce, "Wagga zarto ta. Kai mu za ka sa wa zunubi?"

Sai babban baƙo ya yi gyaran murya. Ya naɗe hannun babbar rigarsa a hankali, ya zura hannu ciki, ya zaro wuƙa mai kube na jan fata, tana walƙiya.

Ya ce, "Ikon Allah. Sakkwatawa, ashe aron wuƙa ma kuna yi? Ku matsa."

Wani daga cikin mutanensa ya ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta musu ranar mayarwa."

Saura alƙibla. Ginin zagayayye ne, babu taga a filin, kuma tun da muka shigo muke juyawa. Wani dattijo da ya yi shekaru yana nuna wa mutane gabas a daji ya nuna matakala. Wani ya nuna wurin alwala. Aka fara musu, har da masu rantsuwa. Surukina ne ya matso, kansa a ƙasa, ya nuna da oba-obarsa wajen ɗakin da aka kulle wuƙaƙenmu. Juya san bai ba mu wuya ba. Santsin da ya kayar da shi ya sa mutum kaɗan suka murza shi kamar faranti.

Baƙo ya yi bisimilla ya yanka kyautarsa da hannunsa. Ba a taɓa yin haka ba a tarihin sana'ar, in dai ba ɓoye mini aka yi ba.

A mahauta akwai kwata, jini na bi ya tafi. Wanda ya zana wannan fili bai yi tunanin kwata ba. Jinin ya bazu a kan farin dutsen yana neman hanya, manya suna tattare riguna suna ja da baya. Ana cikin haka sai aka tashi shan shayi a ɗaya daga ƙananan ɗakunan sama, inda ashe jami'an tsaftar muhalli ke taron bita tun safe. Suka hau matakalar sauka suna hira, kowa da katinsa a wuya. Sai da suka kai rabi suka ga abin da ke ƙasa. Na gaba ya juya zai koma, matakalar ba ta san komawa ba. Haka ta riƙa sauke mana su ɗaya bayan ɗaya a bakin jinin, kowa da wayarsa a sama yana ɗauka.

Tun da an riga an yanka, ba a bar nama ya lalace ba. Mabuɗi ya zo, aka raba wuƙaƙe, aka ja san zuwa baya, ta ƙofar simintin nan da na raina, aka feɗe shi cikin ɗan lokaci. Gaskiya aikin ya yi kyau. Kowa ya samu rabonsa: masu tsaro, masu shara, mai farar hula, jami'an tsafta ma ba wanda ya ce ba ya so. Cinyoyi da tozo aka aika gidajen 'yan hukumar da ke kula da zauren. Taro ya ci gaba, aka yi jawabai a kan zamanantar da sana'a.

Mabul ashe yana shan jini. Injin ya goge, aka kawo ruwan magani aka wanke, amma wani jirwaye ya zauna a tsakiyar filin kamar taswira. Hotuna kuma kafin magariba sun zagaye gari, har jikokina na nuna mini kaina a waya ina cewa a ja.

Hukumar ta kafa kwamitin bincike. Na san yawancin 'yan kwamitin, don ni na zaɓi naman da aka kai gidajensu. Suka kira surukina suka tambaye shi wa ya ba da umarnin shigo da dabba ta ƙofar gaba. Ya ce shi ya gyaɗa kai. Suka ce sun sani, amma wa ya sa shi? Ya ƙi kama suna. Yaron da ko a ɗakinsa ba ya kama sunana, sai dai ya ce Baba na Ƙofar Dundaye, ta yaya zai kama shi a gaban kwamiti a matsayin mai laifi? Suka ce taurin kai ne.

Da labari ya zo mini na sa riga na tafi da kaina. Aka bar ni a benci har azahar, sannan sakataren kwamitin ya fito ya tsuguna ya gaishe ni. Na ce masa ni ne na kawo sa, ni na ce a ja, yaron nan sau biyu yana hana ni.

Ya ce, "Baba, ya hana ka a rubuce?"

Na ce, "Surukina na. Da baki ma bai iya ba."

Ya ce, "To ka gani. Kuma kai ba ma'aikacinmu ba ne, Baba. Ba mu da hurumin hukunta ka. Dole sai wanda ke cikin tsarin albashi." Ya raka ni har bakin mota, ya ce naman ya yi daɗi, maigidansa ya yaba ƙwarai.

Aka kawo wani daga waje aka ba shi kujerar. Surukina aka mayar da shi kula da filin ajiye motoci, cikin rana, shi da masu busa usur. Sabon manajan ya sa aka shimfiɗa darduma a kan jirwayen, aka ɗora tukunyar fure, aka kuma kafa allo a bakin ƙofa mai hoton sa an ja masa jan layi. A kara kuwa har yau ana cewa ba a taɓa taro irin namu ba, Kanawa ma sun sallama. Sarkin Fawa ya so a ba ni lambar yabo, na ce a bari.

Bai fasa zuwa gaishe ni ran Juma'a ba. Ya yi baƙi, wuyan rigarsa ya ƙone da rana. Yakan tsuguna inda ya saba, ya tambayi jiki, ya tambayi kasuwa. Sau da yawa na buɗe baki in ba shi haƙuri sai in ga ba hanya: idan na ce masa yi haƙuri zai ji kamar na zage shi, zai ruɗe ya fara ba ni haƙuri shi ma, mu taru mu rasa mai karɓa. Sai na bi hanyar da shi ya bi. Na kira 'yata, na ce ta faɗa masa na san abin da na jawo masa, ya yafe mini.

Bayan kwana biyu ta dawo. Ba ta zo da kwano ba. Ta zauna bakin ƙofa tana gyara goyonta. Sun bar gidan Gidan Dahala a lokacin, sun koma ɗaki biyu a gidan iyayensa.

Na ce, "Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce subhanallahi, ai ba komai, ƙaddara ta. Ya ce in ce maka kada ka sake tuna maganar."

Na ce alhamdu lillahi, na fara sa masa albarka. Ta bari sai da na kai ƙarshe, ta shafa tare da ni, sannan ta miƙe.

Ta ce, "Wannan nashi na, Baba. Ni ba ka tambaye ni ba tukun."